An ce in kawo kuɗi a ba ni ofar aiki, ya dace mai bi ya yi haka?

Ɗan Mabera:
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na karanta kemistiri a jami'ar Danfodiyo, na gama bautar ƙasa tuni, har yau shiru sai lesin da nake yi wa yara da yamma. Nan Sakkwato aka haife ni amma takardar indijin ɗina ta Zuru ce a jihar Kebbi, to aikin jiha ban ma sa rai ba. Yanzu wani ya ce yana da hanya a wata hukumar tarayya, in kawo dubu ɗari takwas a fito min da ofa, mamana har ta fara maganar sayar da filinta na gida. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma zaman nan ya ishe ni, in an zo baiko a coci ran Lahadi ma kunya nake ji. Don Allah ku ba ni shawara.

Dattijon Ikilisiya:
Ɗana, cin hanci ne, ko an kira shi goro ko kuɗin mai. Gurbin da za a ba ka na wani ne da ya cancanta. Kuma ka ajiye maganar zunubi gefe ka duba asarar, a 2023 majalisar wakilai ta yi zaman bincike kan sayar da guraben aiki, mutane suka fito suna ba da labarin miliyoyin da suka biya, wasu an ba su takarda amma ba a taɓa tura su wurin aiki ba. In ta fashe wa za ka kai ƙara, ka ce me? Kai ma ka shiga laifin. Kada ka bari filin mahaifiyarka ya tafi a haka. Sannan takardar Zuru ba nakasa ba ce a aikin tarayya, ana raba gurabe ne jiha jiha, ka nema da Kebbi ɗinka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu canza suna ko sayen indijin na wata ƙaramar hukuma don a ɗauke su, ranar tantancewa ake jin kunya.

Sista Arkilla:
Baba gaskiya ka faɗa amma mu ma a coci muna da laifi, sai a ce yi azumi yi addu'a shi ke nan. A cikin majami'a ɗaya akwai mai makaranta, akwai nas, akwai ɗan kwangila, ba wanda ya san yaron da ke kaɗa ganga yana da digiri. Ɗan'uwa ka buga CV ka kai wa shugaban zumuntar matasa da fasto, ka faɗa da bakinka kana neman aiki, ba roƙo ba ne. Malamin kemistiri ba ya yin kwantai a makarantun kuɗi, albashin dai ba yawa kuma wasu sai wata ya yi nisa, amma in ka haɗa da PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, ka zama malami mai lasisi.

Mai Sola:
Ni dai mi nac ce, ka koyi aikin hannu. Bulus da kanshi tanti ya ɗinka a Koranti tare da su Akila, bai jira kowa ba. Garin ga da zafi ya kan wuce 40 a watan Afrilu ga wuta ba tabbas, kowa sola yaka nema, mai shago, mai kemis, mai ƙanƙara. Kai da ka san batir da asid tun aji ai ka fi mu saurin ganewa. Ofishin NDE, hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, ma suna tura matasa koyon sana'a kyauta in sun buɗe, ka riƙa leƙawa. Abu guda, ka gaya ma ubangidanka tun ranar farko Lahadi da safe kana sujada, mafi yawa ba su hanawa in ka riƙe amana, nawa Alhaji ne kuma bai taɓa tsare ni ba.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai Baba, na gaya wa mama ta bar maganar filin, ba ta ji daɗi ba amma ta yi shiru. Sista zan kai CV ɗin ran Laraba bayan addu'a. Mai Sola koyon yana kai wata nawa, kuma sai na zo da kayan aikina ko ubangida ke bayarwa? Don lesin ɗin yamma ba zan iya sakinsa yanzu ba.