Marubutan Zamfara da Kebbi, don Allah da wace Hausa kuke rubutu?

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Ni a Gusau nake, kusan shekara biyu ke nan ina ɗan taɓa rubutu a waya, ina sakin labari shafi-shafi a wani gurup ɗinmu na WhatsApp. To wannan karon sai na rubuta labarin wata tsohuwa da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu ta dawo birni wurin ɗanta, kuma na bar ta tana magana yadda kakata ke yi, irin su "mi kunka ce" da "shi yat tahi da akuyata", wallahi ina rubutawa muryar Inna kawai nake ji a kunnena. Ina saki sai ga wata ta biyo ni ta bayan fage wai in je in koyi daidaitacciyar Hausa kafin in kira kaina marubuciya, wata kuma ta turo alamar dariya ta ce sai da ta karanta sau uku. Abin ya min ciwo har na goge shafin. Yanzu ina so in gyara shi in tura gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa idan an buɗe, shi ne nake tambaya, in mayar da tsohuwar nan Bakanuwa ne ko in bar ta yadda Allah ya yi ta?

Malamin Hausa B/Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki maido da shafinki, ba ki yi laifi ba. Ita daidaitacciyar Hausa ai ba daga sama ta sauko ba, tsara ta aka yi don makaranta da ɗab'i, kuma ta fi jingina da karin Kano. Tun gasar rubuta littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 daga Zariya ake buga abubuwa da ita, shi ya sa ido ya saba. Amma kunne fa? Ɗankwairo mutumin Maradun ne, Sa'idu Faru ma nan ƙasarku ne, ban taɓa jin Bakano ya nemi tafinta kafin ya saurare su ba.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, inda ke marubuciya kike ba da labari ki yi da daidaitacciya, inda tsohuwa ta buɗe baki ki bar mata bakinta. Sai dai ki kula da ƙa'idar rubutu ko a cikin Zamfarcin, "kunka ce" kalma biyu ce ba "kunkace" ba, kuma ki sa ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ. Yawancin labaran da ake turo mini in duba ba karin harshe ke kashe su ba, haɗe kalmomi ne kamar tuwon da ya kwana.

Maman Hanifa Ƙaura:
Malam da girmanka, gaskiya ka faɗa amma kai ƙarshen wata albashi kake jira, mu kuwa da wannan taifin ɗin muke sayen data da omo. Ni shekara shida ina sayar da littafi a waya, ɗari biyar nake sawa bayan shafukan kyauta, kuma in na duba masu turo shaidar biya mafi yawa 'yan Kano ne da Kaduna da Abuja sai 'yan Nijar jefi-jefi, to in na cika musu shafi da anka da munka guduwa za su yi, mai karatu a waya ba shi da haƙuri, yana jin ya yi tuntuɓe sau biyu ya koma wani littafin. Ni ɗan barbaɗawa nake yi kamar gishiri, kalma ɗaya biyu su gane 'yar ina ce, shi ke nan.

Kuma ke 'yar uwa ki daina goge rubutu don an yi magana, tukuna ma ba ki ga komai ba. Lokacin da aka yanke mana sabis a Zamfara a Satumbar 2021 ina tsakiyar littafi, mutane sun biya, ni ba halin in saki ko shafi ɗaya. A littafin makarantar yarana na ci gaba da rubutawa da biro. Da sabis ya dawo na buɗe waya na tarar an gama zagina wai na ci kuɗin mutane, wata kuma ta haɗa shafukan da na riga na saki tana rabawa kyauta har da cire sunana. Ban mutu ba.

Ɗan Kabawa:
Anti Maman Hanifa ai ita gasa take nufi ba kasuwa ba, alƙalan gasa ba sa gudu don sun ga "munka". Hikayata tun 2016 ake yi kuma ta mata ce zalla, mu maza sai dai kallo, ki dai karanta sharuɗɗan shekarar da kyau musamman adadin kalmomi.

Ni da Turanci na fi rubutu, kuma can ma wannan rigimar ce. Marubutan kudu suna zuba Ibo da Yarbanci da burokin a littafi ba tare da ba kowa haƙuri ba. Abubakar Adam Ibrahim ma da labarin Arewa ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala 100,000 a 2016. Ni abin da ya fi damuna ba mu da inda za mu zauna mu karanta wa juna. Kaduna suna da bikin littattafai tun 2017, ƙungiyar marubutan Najeriya ta ANA tun 1981 take, amma a nan Argungu mu huɗu ne kacal muke haɗuwa ran Asabar a shagon wani abokinmu mai cajin waya, janareta na ƙara muna ɗaga murya. A gurup kuwa "wow Anti ci gaba" kawai za ki samu ko zagi, babu mai ce miki sakin layi na uku ya yi tsawo.

'Yar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na maido da shafin, kuma daren jiya na karanta wa Inna, tana ɓarar gyaɗa ba ta ko ɗago kai ba, sai da na kai wurin akuyar ta ce "ba haka nika hwaɗi ba, tunkiya ta." Ashe ta gane da ita nake. Malam, "hwaɗi" ɗin nan haka zan rubuta shi da hw ko in bar shi faɗi? Kuma in ba damuwa zan turo maka ka duba min kafin Juma'a.