Mota ta tsaya a babbar hanya: a zauna ciki ko a fita?

Uwar Biyu: Salam. Jiya tayata ta fashe, na gangara gefe na kunna sigina duka biyun. Wata tirela ta wuce har motata ta girgiza, direban idonsa na kan waya. Yara na baya. Zama ya fi ko fita?

Tsohon Direba: Fita, Hajiya! Ta ƙofar da ba ta kallon titi, yara tukuna, ku haye bayan shingen ƙarfe. Kada ku tsaya gaban motar, in aka buge ta kanku za ta yo.

Injiniya: Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Duba saƙo na daƙiƙa 3, ya shafe mita 80 bai ga hanya ba. Irinsu ne ke zamewa gefe.

Bakanike: In tayar ɓangaren titi ce, kar ki durƙusa canza ta. Kira janwe.