Tarin ɗana ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tun shigowar hunturu

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani, musamman likitoci, ina neman shawara.

Tela ne ni a Gusau, shagona a bakin titi kusa da tasha. Ɗana mai shekara 6 wurina yake wuni in an tashi makaranta. Tun da hazo ya sauko a Disamba yaron nan bai huta ba: tari da daddare, ido ja yana hawaye, wani lokaci ƙirjinsa har fito yake yi. Ni ma maƙogwarona ƙaiƙayi yake, ga ciwon kai da la'asar.

Da na ɗauka ƙurar hunturu ce kawai. To amma maƙwabcina da an ɗauke wuta sai ya tada janareto, hayaƙin kai tsaye cikin shagona. Ga 'yan kabu-kabu, ga masu ƙona bola da magariba, leda da tsofaffin tayoyi duk a ciki.

A asibiti an ce alamun asma ne, aka ba shi Ventolin na shaƙa, yana kuma samun sauƙi. Abin da ya ɗaure mini kai, mun kai shi wurin kakarsa a ƙauye kusa da Bungudu, can ma hazon ne, amma cikin kwana 4 tari ya lafa. Muna dawowa ya dawo.

Shin takunkumin ƙyalle da nake ɗinka masa yana tare hayaƙin nan, ko sai takunkumin nan mai tace iska da ake kira N95? Akwai na yara? Kuma sau nawa zai shaƙi maganin a rana kafin mu sake garzayawa asibiti? Barin shagon dai ba zai yiwu ba, da shi muke ci.