Selenium ya ƙi haɗuwa da Firefox na snap a Ubuntu 22.04

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da wannan abu, na rasa inda zan ɓullo masa.

Ina da wata 'yar manhaja da na rubuta da Python da Selenium (kayan aikin sarrafa burauza ta atomatik), takan buɗe Firefox ta ciro min bayanai kowace safiya. A Ubuntu 20.04 ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Da na koma 22.04, inda Firefox ke zuwa a snap (tsarin Ubuntu na girka manhaja a killace), sai ta cije. Tagar Firefox takan buɗe da saƙon "Your Firefox profile cannot be loaded", sannan ta tsaya cik har lokacin jira ya ƙare.

A fahimtata, geckodriver (manhajar da ke haɗa Selenium da Firefox) na ajiye furofayil na wucin gadi a /tmp, shi kuma snap yana da nasa /tmp a killace, don haka Firefox ba ya ganinsa. Na mayar da TMPDIR (saitin da ke nuna inda ake ajiye fayilolin wucin gadi) zuwa ~/.tmp, bai yi ba. Daga baya na gane snap ba ya barin a taɓa ɓoyayyun folda masu farawa da ɗigo. Na sa binary_location (saitin da ke gaya wa Selenium inda Firefox yake) ya nuna /snap/bin/firefox, sai aka ce "binary is not a Firefox executable". Na cire Firefox na sake sawa da apt (umarnin girka manhaja a Ubuntu), snap ɗin dai ya dawo.

Ba na son cire snap gaba ɗaya, akwai wasu manhajojin aikina a kansa.

Don Allah, yaya zan saita Service na Selenium 4 (ɓangaren da ke kunna geckodriver) ya yi amfani da /snap/bin/geckodriver har su haɗu da Firefox? Na gode.