Neman kalmar Hausa: me za mu kira "buffer" a aikin sauti?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana rubuta bayanin yadda ake haɗa PortAudio, kayan aikin manhaja na shigar da sauti da fitar da shi, wanda aka gina da harshen rubuta manhaja na C, da manhajar kwamfuta da aka rubuta da harshen Python ko C# don ɗaukar murya kai tsaye daga makirufo. Kalmar buffer ce ta tsaya mana. An kawo "ma'ajiyar wucin gadi", sai dai ta yi tsawo, kuma ba ta nuna aikin.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, abu biyu ne ke amsa sunan nan, shi ya sa kalma ɗaya ta ƙi zama. Na farko shi ne ƙunshin awon murya da katin sauti, wato ɓangaren kwamfuta mai karɓar murya, ke miƙowa a kai a kai. In ana awon murya sau 48,000 a daƙiƙa, ƙunshi mai awo 256 yana isowa duk milisakan 5.3 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Wannan ni guga zan kira shi. Ƙaramin guga na rage jinkiri amma yana yawaita ja. Mai 1,024 kuwa sai an jira milisakan 21, mai waƙa da ke sauraron kansa zai ji muryarsa na biyo shi a baya. Na biyu, wurin da ake juye gugan kafin ɓangaren Python ko C# ya ɗiba. Randa ke nan.

Malama: Guga ya zauna daram. Randa ce ban yarda da ita ba, Injiniya. Ruwan randa gauraya yake, nan kuwa wanda ya fara shiga shi ke fara fita, in jerin ya rikice murya ta lalace. Kuma wurin zagaye yake: alama ɗaya ta mai zubawa, ɗaya ta mai ɗiba, in sun kai ƙarshe su koma farko. Ina ganin "zoben jira" ya fi.

Injiniya: Gaskiyarki, Malama. Kuma jiran shi ne dalilin zoben. Aikin da PortAudio ke kira duk sanda guga ya cika dole ya gama kafin na gaba ya iso. Python na da makulli guda da zare ɗaya kaɗai, wato jerin aiki ɗaya a cikin manhaja, ke riƙewa a lokaci guda, C# kuma kan dakata don share ƙwaƙwalwa. In dakatawar ta wuce milisakan 5.3, guga ya zube, a ji ƙas-ƙas. Don haka ɓangaren C ya juye kawai ya fita, kada ya nemi sabuwar ƙwaƙwalwa, kada ya jira makulli, kada ya rubuta fayil. Zobe mai awo 8,192 na ba da sararin milisakan 170 in layin sauti ɗaya ake ɗauka.

Malama: Sai a ƙara kalmomi biyu. In mai ɗiba ya yi nawa har zobe ya cika, tumbatsa ce. In ya zo ya tarar babu komai, ƙafewa. A gargaɗi masu koyo kuma: C na zuba lamba mai bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta), ɗaya ɓangaren na karanta ta a matsayin mai bit 32, ƙara ce zalla za ta fito, ba laifin zobe ba ne.

Mai fassara: Madalla, na gode. Na shigar da guga, zoben jira, tumbatsa da ƙafewa. Saura "latency", a yanzu na bar ta a jinkiri.