Manhaja ta ce akwai iska, kogi ya ce babu

Sabon Shiga: Assalamu alaikum, yayyena. Shawara nake nema. A bakin teku na koyi sulu da laima, wato wasan da iska ke jan laima, ita kuma ta ja ka a kan allo bisa ruwa, yanzu kuwa kogi ne kusa da ni. Sai manhajar hasashen yanayi ta nuna min not 16 (not ma'aunin gudun iska ne) da rana, in ɗaure kaya in je, in tarar ko ganye ba ya motsi. Wata rana kuma ta nuna 8, in yi zamana, da yamma in ji an sha iska har da masu ƙaramar laima, wadda sai da iska mai ƙarfi ake ɗaura ta. Wace manhaja ce ba ta ƙarya a kogi?

Ɗan Auta: Wa'alaikumus salam, Yaya. Ni Windy nake buɗewa, in kwatanta da Windguru. In sun yi daidai sai in fita.

Injiniya: Auta, ka duba da kyau, sau da yawa lissafi ɗaya suke nuna maka da fenti daban. Manhaja ba ita ke hasashen ba, ɗaukowa take yi daga manyan kwamfutocin hukumomin yanayi. Akwai GFS na Amurka, ECMWF na Turai, da ICON na Jamus. Kowannensu yana yanka duniya gida-gida, ya ba kowane gida lamba ɗaya. Gidan ECMWF kusan kilomita 9 ne, na ICON kusan 13. To kogin da faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba, da tudun da ke gefensa, duk sun nutse cikin gida guda. Kwamfutar ba ta ma san akwai kwari a wurin ba. Saboda haka, ƙanena Sabon Shiga, ba ƙarya manhajar ta yi maka ba, iskar yankin gaba ɗaya ta faɗa, a tsayin mita 10 daga ƙasa. In inda kake akwai lissafi mai ƙananan gidaje, shi za ka zaɓa: HRRR a Amurka kilomita 3 ne kuma ana sabunta shi duk awa, AROME na Faransa 1.3, ICON-D2 kusan 2. Sun fi ganin tudu da kwari, amma ba sa hango nesa, kwana ɗaya zuwa biyu ne iyakarsu.

Sabon Shiga: Na gode, Yaya Injiniya. In babu irin waɗannan a yankina fa?

Baba Mai Laima: Sai ka koyi kogin da kanka, yaro. Fara da wannan tambaya: ta ina kogin ya miƙe a daidai inda kake shiga? Buɗe taswira ka ja layi. Kogin da ke cikin kwari ba ya barin iska ta ratsa shi yadda ta ga dama, lanƙwasa ta yake yi ta bi tsawonsa, ko ta haura ko ta gangara. In hasashe ya nuna iskar za ta zo kusan daidai da layin nan, sa ran za ka samu abin da aka faɗa, wani lokaci har da ƙari, domin inda gaɓa biyu suka matse sai ta ƙara gudu. In kuwa ta gefe za ta zo, ta haye tudu da bishiyoyi kafin ta sauko kan ruwa, to ko an rubuta 20 kada ka yi murna. Abin da zai iso gare ka yagaggiyar iska ce, yanzu ta fizge ka, yanzu ta sake ka laima ta faɗo. Masu wasan nan kan ce bishiya ko gini na dagula iska a bayansa har ninki bakwai zuwa goma na tsayinsa. Jerin bishiyoyi masu mita 15 ke nan sun ɓata maka fiye da mita 100 na ruwa. A ƙaramin kogi me ya rage?

Uwar Biyu: Baba ya faɗi gaskiya. Ni abin da zan ƙara shi ne gudun ruwan, don shi ne bambancin kogi da tafki. Laima ba ta san iskar da ake aunawa a tudu ba, abin da take ji shi ne iskar da ke tsakaninka da ita, kai kuwa ruwa na tafiya da kai. A ce iska not 12 ce, ruwa na gudun not 3. In iskar na haurawa, ruwa na gangarowa, 15 laimarka za ta ji, kuma ruwan da kansa zai riƙa mayar da kai wajen da iskar ke fitowa, ba ka wahalar komawa inda ka shiga. In sun bi hanya ɗaya, 9 ta rage maka. Kada ka raina tazarar nan, domin ƙarfin jan laima ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya. In gudun iska ya ninka biyu, jan ya ninka huɗu. Tsakanin 9 da 15 kusan ninki uku ne. In akwai madatsar ruwa a samanku, ka riƙa duba lokacin da ake sakin ruwa, yana iya sauya maka yinin gaba ɗaya.

Sabon Shiga: Anti, wallahi wannan ya warware min wani abu. Ranakun da nake kasa komawa gaɓa duk iskar gangarawa take yi.

Injiniya: Ranakun da manhaja ta ce 8 aka sha iska kuwa, ina zargin zafin rana ne. Da hantsi ƙasa da gangaren tudu kan yi zafi, iskar kansu ta tashi sama, sai wata ta biyo kwarin daga ƙasa ta cike gurbin. Shi ya sa a kwaruruka da yawa iska ke haurawa da rana, ta fi ƙarfi wajen la'asar, da dare ta juya ta gangaro a hankali. Manyan lissafin nan sukan rage mata ƙarfi. Abin da nake dubawa shi ne bambancin nauyin iska, wato yadda take danna ƙasa, tsakanin ƙasan kwarin da samansa. Nemi filayen jirgin sama biyu, ɗaya ta kowane ɓangare, ka karanta rahoton yanayinsu da ake kira METAR, wanda ke fita duk awa ko duk rabin awa. Za ka ga abu kamar Q1014 a ɗaya, Q1011 a ɗayan, lambar nauyin ke nan. Iska daga mai yawa take tafiya zuwa mai kaɗan, kuma in tazarar na ƙaruwa da rana, shirya kayanka. Mutanen Hood River a kogin Kolumbiya na Amurka da haka suke aiki: suna duba bambancin Portland da The Dalles. Da rani yammacin duwatsun Cascade na da sanyi, gabas na da zafi, sai iska ta kutso ta kwazazzabon daga yamma tana karo da ruwan da ke gangarawa teku. Shi ya sa wurin ya yi suna.

Mai Kwale-kwale: Injiniya, a yi min afuwa, ban yarda da dogaro da filin jirgi ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, wani yana da nisan kilomita 40 daga ruwa. Me zai gaya min game da lanƙwasar da nake shiga?

Injiniya: Ba gudun iskarsu na ce ka ɗauka ba, Malam, nauyin kawai. Shi kuwa an riga an daidaita shi da matakin teku, don haka ana iya kwatanta biyun ko da ɗaya ya fi tudu. Inda nake ba ka gaskiya shi ne lambar Q ɗin ba ta da ɗigo, an yanke ta, saboda haka bambancin 1 ba abin kafa hujja ba ne.

Mai Kwale-kwale: To da sauƙi. Amma ni dai idona na fi yarda da shi. In fararen kumfa sun fara bayyana jefi-jefi, iska ta kai not 8 zuwa 10. In sun yawaita ko'ina, ta wuce 12. Sai dai a kogi a yi hattara: in iska na karo da ruwa, kumfa kan fito da wuri, igiyar ruwa ta miƙe tsaye, ka zaci iskar ta fi haka. In tare suke tafiya, ruwan sai ya kwanta lumui alhali akwai iska. Ka kuma kalli baƙaƙen tabo da ke gudu a kan ruwa, fizga ce ke zuwa. In suna da yawa kuma a warwatse, yinin ba mai daɗi ba ne.

Uwar Biyu: Kan fizgar nan, ƙanena, kada ka karanta lamba ɗaya a hasashe. Akwai matsakaici, akwai fizga. 16 mai fizgar 20 lafiya lau. 14 mai fizgar 28 ni ba na shiga, don babu laimar da ta dace da duka biyun. Babba, ta mita 12 (murabba'in mita, ma'aunin girman laima), za ta ɗaga ka, ta mita 7 za ta bar ka a ruwa. A METAR harafin G ne ke nuna ta, kamar 27014G28KT, wato daga yamma, 14, fizga 28.

Baba Mai Laima: Akwai wani abu da ba a faɗa ba, kuma yana ruɗa ko tsofaffin hannu. In ruwan kogi na da sanyi ƙwarai, iska mai ɗumi ta zo a kansa, sai wata siririyar iska mai sanyi ta kwanta a fuskar ruwan, ta sama ta riƙa wucewa ba ta taɓa shi. Ka ga kan bishiyoyi na rausaya, ruwa kuwa shiru. Ma'aunin iska na hannunka zai ce 7, laimar da ke kan igiya mita 22 tana jin abin da ya fi haka nesa. Tayar da ita daga ruwa in ta faɗi shi ne aiki. Haka kuma gajimare: in hasashenka na zafin rana ne, ka wayi gari sama a rufe, rage tsammani.

Hadari kuwa ba na son a yi gardama a kansa. Kwari na ɓoye maka sararin sama, ba ka ganin abin da ke tahowa ta bayan tudu. Iskar gaban hadari kan riga ruwan sama isowa, tana iya juyawa ta ninka cikin mintuna kaɗan. Duba hoton rada, na'urar da ke nuna inda hadari yake, kafin ka shiga. In ka ji iska ta yi sanyi farat ɗaya, ko ta ɗauke ɗif bayan tana kaɗawa, sauke laima. Daga walƙiya zuwa tsawa, kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne, kuma in dai kana jin tsawar, ka fita daga ruwa, ka ba ta minti 30 bayan ta ƙarshe.

Ɗan Auta: Baba, to ma'aunin hannu yana da amfani ko a bar shi?

Baba Mai Laima: Saya, amma ka auna a bakin ruwa inda babu abin da ya tare, ka riƙe shi sama na minti biyu ko uku, ba daƙiƙa goma ba. Amfaninsa na gaske a littafi yake. Duk ranar da ka je, rubuta abin da hasashe ya ce, ta ina iskar, bambancin nauyin nan na Injiniya, yanayin sama, tsayin ruwa, sannan abin da ka tarar da laimar da ka ɗaura. Har ranar da ba a samu komai ba ka rubuta, ita ma tana koyarwa. Kafin shekara ta zagayo za ka ga cewa a wurinka, misali, in an ce kudu maso yamma 10 da rana tsaf, ƙari ake samu, in an ce arewa 18, ba a samun komai.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Na duba taswira yanzu, kogin namu daga arewa maso gabas yake gangarowa zuwa kudu maso yamma. Gobe an nuna kudu maso yamma 11, fizga 15, babu gajimare.

Uwar Biyu: Haurawa za ta yi ke nan, tana karo da ruwa. Tafi da ta mita 12 da ta 9 duka, kada ka isa kafin azahar, kuma ka tsaya ka kalli ruwan minti 10 kafin ka hura ko ɗaya. Ka samu wanda zai tsaya maka a gaɓa, tunda ba ka saba da wurin ba.