Saiti daidai a mita 25, amma a mita 50 dalma na bin dama

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Manchesta, kuma ranar Asabar nakan je wani kulob na masu harbin allo da bindigar iska. Tawa mai sifirin ce, irin wadda ake karyawa a sa dalma mai milimita 4.5. A mita 25 ba ni da kuka, dalma kan dalma. Amma da na murɗa maɓallin sama na madubin saitin, wanda ke ɗaga harbi, don mita 50, sai harbin ya koma dama da kamar yatsu biyu, kullum gefe guda. A rumfa muke harbi, babu iska. Wani dattijon Bature ya leƙa madubin ya ce layukan saitin sun karkace, ni kuwa a idona a miƙe suke. Karkatar da ido bai gani ba za ta iya jawo wannan?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam ƙanena. Baturen nan ya fi ka gaskiya. Ido ba ya aikin nan, domin da ka kwantar da kunci a gindin bindiga kanka ma ya karkace, sai karkatacce ya yi maka kama da miƙaƙƙe. Samo zare mai kauri, ka ɗaura masa noti, ka rataye shi can nesa ya daina lilo. Ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka daidaita ta da ƙaramin ma'aunin magina mai kumfa, sannan ka duba ko layin tsaye na madubin ya hau kan zaren. In bai hau ba, sassauta zobban da ke riƙe da madubin ka juya shi. Wajen ɗaurewa ake samun matsala: in ka ƙarasa sukurun gefe ɗaya kafin ɗayan, madubin zai juya a hannunka ba ka sani ba. Kaɗan nan, kaɗan can, kana leƙa zaren.

Malam Na-Lissafi:
Yallaɓai Saje ya faɗi magani, bari in ƙara da dalili, don abu biyu ne mutane ke haɗawa.

Na farko, madubi ya karkace a kan bindiga. Maɓallin sama bai san inda sama take ba, layinsa kawai yake bi. In kan layin ya jingina dama, duk kilik ɗin da ka ƙara, wato taki ɗaya na murɗa maɓallin, yana kai harbinka sama da ɗan dama. A inda ka yi saiti ba za ka ga komai ba, sai ka yi nisa.

Na biyu, bindigar gaba ɗaya ta kwanta lokacin harbi, kuma wannan ya fi cin masu bindigar iska, saboda dalmarku ba ta da gudu. A Ingila bindigar iskar da ba ta buƙatar lasisi ba ta wuce ƙarfin fut-fam 12 ba (ma'aunin ƙarfin harbi ke nan), don haka dalma 4.5 na fita da gudun kusan mita 240 a daƙiƙa. Kafin ta kai mita 50 ta ci kimanin kwatan daƙiƙa, ta faɗo kusan santimita 30 daga inda bakin bindiga ya nufa. Wato kana harbi sama ne da santimita 30 don ta sauko kan allo. Yanzu kwantar da bindigar digiri 6, wanda bai wuce tazarar minti ɗaya a fuskar agogo ba. Kashi ɗaya cikin goma na wancan ɗagawar zai koma gefe, santimita 3 ke nan. Ramin da ake harba a gasar bindigar iska faɗinsa wajen santimita 4 ne in ya yi girma, daga tsakiya zuwa baki santimita 2. Ka ga an fita.

Ga gwajin da zai raba gardama. Manna doguwar takarda a mita 25, ka ja mata layi a tsaye da taimakon zaren nan, ka sa ɗigo a ƙasa. Harba uku a ɗigon. Ƙara kilik 80 sama, ka ci gaba da auna ɗigon nan dai, ka sake harba uku. In madubinka na kwatan MOA ne, wato kowane kilik kwatan wannan ma'aunin kusurwa ne, za su tashi wajen santimita 14 da rabi. In sun zauna kan layi, madubi lafiya lau, riƙonka ne. In sun kauce, zobba ne ko cikin madubin.

Hajiya Mai Kyamara:
Ni ban yarda a ɗora wa zobba laifi tun yanzu ba. Bindiga mai sifirin tana dukan baya ta kuma dawo gaba, kuma wannan dukan biyu yana kashe madubin da ba don ita aka yi shi ba, har na manyan bindigogi. Malam Ɗan Gwammaja, sa fensir ka yi alama a jikin madubin daidai bakin zobe, ka ga ko yana zamewa bayan harbi. Duba kuma ko zoben baya yana da ɗan ƙarfen da ke shiga ramin saman bindiga ya hana shi ja da baya. Sannan akwai madubai masu araha da layukansu tun daga masana'anta ba su yi daidai da maɓallan ba. Irin wannan zare zai ce maka lafiya, takardar Malam kuwa ta tona asiri.

Ɗan Gwammaja:
Allah Ya saka da alheri. Zaren ya nuna kan layin ya ɗan jingina dama, na gyara. Takardar sai Asabar. Hajiya, zobena na baya ba shi da wannan ƙarfen, ramin a buɗe yake.

Hajiya Mai Kyamara:
To sayi mazaunin madubi mai haɗe guda ɗaya na milimita 11 wanda ke da ƙarfen, kafin ka ɓata dalma a takarda. In ka canza shi bayan gwajin, duk saitin sabo za ka sake.